Wa ke sayar wa Japan mai da ƙarfe kafin 1941?

Malam, ka tambayi inda Japan ke samo man fetur da ƙarfe kafin ta shiga yaƙi da Amurka. To, daga Amurkar ne. Kusan kashi 80 cikin 100 na man da take shigowa da shi daga can yake, kaɗan daga tsibiran Indunusiya da ke hannun Holan. Tarkacen ƙarfen da masana'antunta ke narkarwa ma yawanci na Amurka ne, tama kuwa daga Malaya da Filifin.

Amurka ta hana ta tarkacen a 1940, ta datse mai a Agustan 1941.

Kada ka ce Larabawa, cinikinsu da Japan bayan yaƙi ya bunƙasa. Kuma ka bambance alƙaluman ɗanyen mai da na tatacce, nan mutane ke ruɗewa. In rubutun digiri ne, malamin tarihin tattalin arziki ya duba maka su.