Tambaya da Amsa: Laimata na faɗuwa da zarar keken ya fara gudu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya kawo mini keken laima daga Turai, mai taya uku, wanda ake zama ƙasa-ƙasa ana juya tayar gaba da ƙafafu, wata laima mai tashi sama, ɗaure da igiyoyi, na jan mutum da ƙarfin iska. Nakan ba iska baya in hau, amma ban yin nisa sai igiyoyin su saki, laimar ta faɗo. Har sau biyu igiya ta naɗe mini a taya. Ko laimar ce ba ta da kyau?
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Laimarka lafiyarta lau, hanyar da ka ɗauka ce ta cuce ka. Idan ka bi bayan iska kai tsaye, keken yakan kamo laimar, igiya ta saki, ita kuwa laima ba ta tsayuwa sama sai igiya na ɗaure tamau. Ni ma haka na fara a wata busasshiyar fadama wajen Kwalkwalawa. Na wuni ina warware igiya, yaran da ke kiwo suna ta yi mini dariya.

Kafin ka buɗe jaka, fara sanin inda iska ke fitowa. Ka taɓa lura da mata masu sheƙar gero? Ba sa ɗaga ƙwarya sai sun ga inda ƙaiƙayi zai tafi. Kai ma ɗebi ƙasa mai laushi ka watsa sama, ka maimaita sau uku. A nan Sakkwato, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, wato in ka fuskanci alƙibla za ka ji ta ɗan hagu da fuskarka. Da damina sai ta juya, ta fito daga kudu maso yamma.

To, ka ajiye keken yadda iska za ta riƙa bugun kunnenka ɗaya, kana ratsa ta a gicciye. Da hunturu layinka ke nan tsakanin arewa maso yamma da kudu maso gabas, ka je ka dawo a kansa. Ja layin da sanda a ƙasa in ta kama.

Amma kwana biyun farko bar keken a gida. Tsaya da ƙafarka, iska a bayanka, ka koyi halin laimar. Idan tana gabanka sosai kuma ƙasa-ƙasa, nan ƙarfinta yake, tana iya fizge ƙato. Idan ka kai ta bisa kanka ko can gefe, sai ta yi laushi. Saboda haka a bisa kai za ka tsayar da ita ka zauna, sannan ka sauko da ita a hankali ta gefen da ka nufa. Za ka tsaya? Mayar da ita sama, ka karkata tayar gaba wajen da iska ke fitowa. Kada ka kuskura ka sa ƙafa a ƙasa don birki, tayar baya za ta hau kanta.

Laima mai murabba'in mita 2 ko 3 ta ishi ɗan koyo. Tun da Peter Lynn na New Zealand ya yaɗa wasan nan wajen 1990, galibi a bakin teku ake yinsa, inda iska ke tafiya bai ɗaya. Tamu ta tudu mai gardama ce, musamman bayan gine-gine da itatuwan dogon yaro, don haka nisance su. Duba kuma kada wayar lantarki ko titi su kasance ta inda iska ta nufa. Gonar da aka girbe ma ban ba ka shawara ba, kututturen kara na fasa taya.

Sa hular kwano, ko ta 'yan kabu-kabu ce. Da bazara kuwa, in ka hango guguwa ta taso, sauke laimar nan take ka danne ta da yashi.