Za mu kai yara Disneyland Paris: da me za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigida muna zaune a Samaru, Zariya. Mun daɗe muna tanadi don mu kai yara Disneyland ta Faransa a dogon hutu mai zuwa. Su huɗu ne: mai shekara 11, mai 8, mai 5, sai auta mai shekara 2. Tikitin shiga za mu fara saya, ko na jirgi, ko mu kama otal? Kuma kwana nawa zai ishe mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya zuri'a. Cikin ukun nan babu wanda za ku fara da shi. Biza ce gaba, don ita kaɗai ce ba a hannunku take ba.

Faransa tana cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma doka ta ba ku damar shigar da takardu tun ana saura wata 6 a tafi. Ku yi amfani da damar, ba a fafe gora ranar tafiya, balle da bazara da layin masu nema ke tsawo a Abuja da Legas. Kowane yaro sai da fasfonsa, har autar, kuma ya zama da sauran aƙalla wata 3 a jikinsa bayan ranar da za ku baro Turai. Za a nemi takardar haihuwa, da bayanan asusun banki, da inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar ɗawainiyar Yuro 30,000. Kuɗin biza tun watan Yunin 2024 Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, 'yan ƙasa da 6 ba sa biya. Ladan ofishin karɓar takardu daban yake. Idan aka hana, kuɗin ba ya dawowa. Shi ya sa nake cewa jirgi da otal ku kama irin wanda ake iya sokewa, tikitin shiga kuwa ku bari sai fasfo ya dawo hannu.

Ku duba ranar haihuwar babban nan. Da ya cika 12, kuɗin manya zai biya a biza, a ƙofar Disneyland ma haka, don tikitin yara daga shekara 3 ne zuwa 11. Autar kyauta za ta shiga.

Abin da iyaye suka fi mantawa shi ne tsayi. Manyan lilunan can ba ruwansu da shekaru, ma'auni ne a bakin ƙofa, kuma ma'aikaci ba ya jin magiya. Big Thunder Mountain sai mai mita 1.02, Crush's Coaster 1.07, Hyperspace Mountain 1.20, na Indiana Jones kuwa 1.40. Yau ɗin nan ki ari tef ɗin tela, ki jingina kowa da bango, ki ja layi da fensir. Mai shekara 5 zai iya kai tsayin na farko, na uku kuwa da wuya. Gara ya sani tun a Samaru da a juyo da shi bayan ya ga yayyensa sun shige. Akwai tsarin da suke kira Rider Switch: ɗayanku ya hau da manyan, ɗaya ya riƙe ƙananan, sannan ku yi musanya ba tare da sake bin layi daga farko ba.

Wurin, wanda aka buɗe a 1992, yana Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Faris, kuma filayen wasa biyu ne a jere, na biyun an buɗe shi a 2002. Kwana uku nake ba mai ƙananan yara shawara: biyu a babban, ɗaya a ɗayan. Kada ku shiga ranar da kuka sauka. Wanda ya taso daga Zariya, ya bi hanyar Abuja ko ya hau jirgin ƙasa a Rigasa, sannan ya yi awa shida a sama, barci yake bukata. Farashin tikiti yana bin rana ne: Asabar da Lahadi da lokacin hutun Faransawa sun fi tsada da cunkoso. Makarantunsu suna komawa a farkon Satumba, to idan hutun yaranku ya kai nan, wannan makon ya fi Agusta sauƙi nesa ba kusa ba.

Otal-otal na Disney suna ba baƙinsu damar shiga kafin sauran jama'a, amma ku mutum shida ne, da yawan ɗakunan kuma na mutum huɗu ne. Ni da zan zaɓa muku, masauki mai kicin a unguwar Val d'Europe zan kama. Tasha ɗaya ce tsakaninsa da ƙofar shiga a jirgin ƙasa na RER A, ga babban kanti a wurin, ki dafa shinkafarki da kifi hankali kwance, ba sai kin tsaya tantance nama ba. Sai dai kilishi da dambun nama da man shanu ku bar su a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga waje, ƙwacewa za a yi.

A watan Yuli rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe 9 da rabi na dare, wasan wutar da ake yi a gaban fadar da ke tsakiyar babban filin kuma sai lokacin rufewa. Don haka ku koma masauki bayan azahar, yara su ɗan rintsa, ku yi sallarku ta matafiya, da la'asar sakaliya ku dawo. Ki taho da keken tura autar da rigunan sanyi marasa nauyi, kuma kowane yaro a rubuta masa lambar wayar babansa a takarda a sa masa a aljihu.