Alhaji, kafin ka sayi kwamfutar nan mu fara duba inda kuɗin ka shiga

Wani ɗan kasuwa mai saida shinkafa da sukari da man girki a Babbar Kasuwa ta nan Sakkwato ya aiko min tambaya. Shina da shago da sito, da yaran shago ukku. Ya ce tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 mafi yawan cinikinshi ya koma taransifa, amma in wata ya ƙare kaya sun tafi kuɗi ba su cika ba. Ɗanshi da ke karatu jami'ar Danfodiyo ya ce a sayi kwamfuta a sa manhajar lissafi, shi ko babban yaronshi da sunka fi shekara ashirin tare ya ce in anka kawo kwamfuta to an kira shi ɓarawo ke nan. Mi ya kamata ya yi?

To Alhaji, Allah shi ƙara buɗi. Ni ban ce kar ka saya ba, amma ba yanzu ba. Tambayata ta farko, taransifar nan asusun wa take shiga? Don na san abin da ka faruwa cikin kasuwa, kwastoma ya zo, kai ka tafi masallaci ko kana sito, netwok ɗin POS ya tsaya, sai yaro ya ce turo ta OPay ɗina, da niyyar anjima ya maido maka, anjima ta zama gobe, gobe ya ciri dubu biyu ya sa data ya manta, kuma wallahi sau da yawa ba sata ya nufa ba, kuɗinka da nashi na sunka cakuɗe wuri guda. Kwamfuta ba ta ganin wanga. Abin da anka rubuta mata shi ɗai ta sani.

Don haka ka buɗe asusun kasuwa guda, da sunan shago, in ka yi rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ma ya fi. Ka buɗe na biyu a wani banki daban saboda ranar da na farko ya ƙi, ka buga lambobin biyu ka manna jikin ƙofa. Ka tara yaran ka faɗa musu gaban juna, daga yau duk kuɗin da ya shiga asusun mutum ba cinikin shago ba ne. Kuma ba a sakin kaya don an nuna hoton risit ko saƙon alat, ana iya ƙirƙira su duka, sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin sun zauna. Moniepoint da irinsu suna nuna taransifa kan na'urar POS ɗin kanta, to yaro zai iya tabbatarwa ba sai ka ba shi wayarka ko lambar sirrinka ba. Lambar sirri da OTP, lambar da banki ka turowa waya don tabbatar da ciniki, kuwa ko ɗanka kar ka ba.

Wani ɗan abu da mutane ka mantawa, a Disamba 2024 anka fara cire naira 50 kan taransifar dubu 10 zuwa sama har a waɗannan bankunan waya, ga cajin POS. Ƙanana na, amma in ba ka ware musu layi a littafi ba za ka zauna kana zargin yaro kan kuɗin da banki ya ɗauka.

Batun babban yaronka shi ya fi damuna. Mutumin da ya san wane ake ba bashi wane ba a ba, ya san direban da ka kai kaya Illela ko Achida ya dawo da kuɗi cif, wanga ilimi babu manhajar da ke da shi. In ka kawo ɗanka da kwamfuta ka ɗora bisa kanshi ba shawara, zai yi shiru ya janye jiki, kuma za ka gani a ciniki. Ka kira shi ku biyu, ka ce mishi gyaran nan kariya ce gare shi, ranar da lissafi ya ƙi fita akwai shaida ba zato ba. Ka bar sito hannunshi, shi ka ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, ɗanka ya riƙe lissafin kuɗi. In boko bai zauna mishi ba ya rubuta da ajami, ko ya yi magana da baki.

A nan WhatsApp zai yi maka aiki sosai. Ku buɗe guruf na shago kaɗai, ba wa'azi ba siyasa. Kowace mota ta sauke kaya a ɗauki hoton takarda a tura, wanda ya ba da bashi ya faɗi suna da adadi nan take, bayan la'asar kafin a rufe a haɗa abu ukku, tsabar kuɗin aljihun tebur, abin da banki ya nuna, da abin da sito ya fitar, sannan a ɗauki hoton shafin ranar a tura. Ka tuna gobarar Babbar Kasuwa ta Janairu 2021, wanda littafin bashinshi ya ƙone cikin shago da mi zai bi mutane? Amma kar ka yar da littafin, a Satumba 2021 anka rufe netwok a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga, mai lissafi cikin waya kaɗai ya sha wuya.

Ku yi wata ukku a haka. In lissafi ya fara fita, ɗanka ya gwada manhajar jadawalin lissafi irin Excel ko Google Sheets cikin wayar da ke hannunshi, ba sai an kashe ko sisi ba. In kayanka sun yi yawan da wannan ya kasa ɗauka, ka sake rubuto min da yawan nau'in kayan da kake saidawa, mu duba wace manhaja ta dace da kai.