Gano asalin kamfanin tagulla na zamanin Sarauniya Biktoriya

Ɗan'uwa, ka ce ka samu tsohon mariƙin ƙofa na tagulla mai hatimin wani kamfanin iyali na Birmingham a Ingila, kana neman asalinsa. Fara juya shi ka duba bayansa. In ka ga tambari mai kusurwa huɗu kamar daimon, an yi wa zanen rajista tsakanin 1842 da 1883. Daga 1884 lamba ake bugawa bayan "Rd", wato alamar an yi rajista.

Sai ka bi kundin 'yan kasuwa na Kelly baya-baya har sunan ya ɓace, don ka kimanta lokacin da kamfanin ya fara. Ni dai London Gazette, jaridar sanarwar gwamnatin Biritaniya, ta fi kwanta mini a rai, don a nan ake shelar rabuwar abokan kasuwanci, wani lokaci uba da 'ya'yansa, kowa da sunansa. Ƙidayar jama'a ta 1851 kuma takan nuna yawan ma'aikatan maigida.