Amsar tambayarka kan kuregen da ka ƙwata

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni tun da hantsi, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin in zauna in amsa maka. Ka ce ka ƙwaci wani ɗan matashin kurege daga bakin kyanwa, yana jan ƙafar baya guda, ka sa shi a kwali. Ka ce abokanka sun rabu: wannan ya ce ka ɗura masa madara, wancan ya ce ka riƙe shi tunda kai ka cece shi, wani kuma ya ce dabbar da hannun mutum ya taɓa uwarta ƙin ta take yi, ba ta sake zama a daji. Shi ne kake tambayata abin da manya suka saba yi idan dabbar daji ta faɗo hannunsu da rauni, da ko akwai laifi ka mayar da shi na gida.

Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Abin da na taras masu hankali suna yi, kuma na ga masu aikin jinyar namun daji a ko'ina a kansa suke, shi ne wanda ya ɗauki dabba mai rauni ya ɗauki amana. Zai yi jinyarta, in ta warke ya mayar da ita inda ya same ta. Ceton da ka yi masa bai mallaka maka shi ba. Ka san hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa. Ka kuma san na matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har aka yi mata azaba saboda haka. Na farkon ne ya sa ka miƙa hannu, na biyun kuma shi nake so ka riƙa tunawa duk ranar da zuciyarka ta raya maka ka ajiye shi a keji.

Amma kafin maganar saki, akwai ta daren yau, kuma ita ce ta fi damuna. Batun kyanwar nan kada ka ɗauke shi da wasa. Haƙoranta sirara ne kamar allura, suna huda fata su bar ɗan rami wanda gashi yake rufewa, ka duba ka ce ba komai. Alhali a yawunta akwai ƙwayoyin cuta masu saurin shiga jinin ƙaramar dabba, ta kwana ɗaya ko biyu tana kamar ta farfaɗo, sai a wayi gari ta sandare. Duk dabbar da ta fito daga bakin kyanwa tana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta daga hannun likitan dabbobi, kuma cikin sa'o'i ake so. Saboda haka nemo likitan dabbobi ko masu kula da namun daji shi ne aikinka na farko, tun kafin ka gama karanta wannan saƙon in da hali. Kada kuma ka ɓallo masa maganin ciwon kai ko na zazzaɓi irin wanda mutane suke sha. Abin da zai kwantar maka da ciwo yana iya lalata masa hanta ko ƙoda.

Kafin ka kai shi, abu uku yake so: ɗumi, duhu, da shiru. Kwalin da ka sa shi ya yi, muddin ka huda masa ƙofofin iska, sai dai ka sani kurege mai ɗan ƙarfi yana gurgure kwali cikin ɗan lokaci, don haka in ya fara motsi sosai ka canza masa mazubi mai ƙwari. Ka shimfiɗa masa tsohuwar riga mai laushi. Kada ka sa tawul, domin zaren tawul yana sarƙe masa farata, ya yi ta fizga har ya ƙara wa ƙafar ciwo. Ka zuba ruwa mai ɗumi a gora, ka naɗe ta da tsumma, ka ajiye a gefe ɗaya na kwalin, yadda in zafi ya ishe shi zai iya matsawa ɗaya gefen. Sannan ka rufe, ka kai shi ɗakin da ba kowa, ka hana yara leƙe. Na san za su so su gan shi, amma a wurinsa kowace fuska da ta leƙo fuskar mai cinye shi ce. Idan ka ga ya yi luf a hannunka bai ko motsa ba, kada ka ɗauka sabo ne. Firgici ne ya daskarar da shi, kuma firgici kaɗai yana kashe ƙaramar dabba.

Batun madara kuwa, bari in ba ka labarin abin da ya same ni, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ina saurayi kamar kai na tsinci ɗan kurege a gindin bishiya bayan an yi iska da dare. Ko ido bai buɗe ba, jikinsa sanyi ƙalau, girmansa bai fi babban yatsana biyu ba. Tausayi ya kama ni, na kwantar da shi rigingine a tafin hannuna, na riƙa ɗiga masa madarar shanu da ƙaramin cokali. Yana haɗiya ina murna. Can sai na ga 'yar farar kumfa tana fitowa ta hancinsa. Da dare in na kara kunne sai in ji wani ɗan ƙas-ƙas a numfashinsa. Gari bai waye ba ya mutu. Shekaru bayan haka wani likitan dabbobi ya bayyana mini kurakurai uku da na tafka a wannan rana. Jikin da ya yi sanyi ba ya narkar da abinci, sai an fara ɗumama shi. Madarar shanu ba ta dace da cikin kurege ba, zawo take sa shi, zawon kuma ya tsotse ɗan ruwan da ya rage a jikinsa. Kwanciyar rigingine kuma ita ta tura madarar cikin huhunsa. Da na ajiye shi a ɗumi a gindin bishiyar na koma nesa na zauna, wataƙila da uwarsa ta zo ta ɗauke abinta.

Wannan ya kawo ni kan maganar abokinka cewa hannun mutum yana sa uwa ta ƙi ɗanta. Ba haka ba ne. Uwar kurege tana dawowa neman 'ya'yanta da suka faɗo, ta kama su da baki ɗaya bayan ɗaya ta kai su wata sheƙar, domin sau da yawa tana da fiye da ɗaya. Warin hannunka ba ya hana ta. Abin da yake hana ta shi ne tsayuwar mutum a wurin, ko ta tarar da ɗan ya yi sanyi. Shi ya sa wanda ya tsinci jaririn kurege marar rauni, abin da ya fi masa shi ne ya sa shi a buɗaɗɗen mazubi mai ɗumi kusa da inda ya faɗo, ya kori kyanwa da kare, ya ba uwar 'yan sa'o'i da rana. Naka dai ya wuce nan tunda yana da rauni, na faɗa maka ne don wata rana.

To yau kada ka ba shi abinci, kada kuma ka ɗura masa ruwa da ƙarfi. In idonsa a buɗe yake kuma yana iya zama da kansa, ka ajiye masa ruwa kaɗan a murfin kwalba, ya sha in ya ga dama. Yunwar dare ɗaya ba za ta kashe shi ba.

Ka kula da kanka kuma, don uwarka ba za ta yafe mini ba in na manta da wannan. Haƙoran gaba na kurege ba sa daina tsiro muddin ransa, da su yake fasa ƙwaya mai tauri, kuma suna iya kaiwa ga ƙashin yatsa. Ka sa safar hannu mai kauri, ka lulluɓe shi da tsumma kafin ka ɗaga shi. Kada ka taɓa kama shi ta jela. Fatar jelar saɓulewa take yi ta bar ka da gashi a hannu, kuma abin da ya tafi ba ya tsirowa, ga shi da jelar yake daidaita jikinsa in zai yi tsalle. In ya cije ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu na kamar minti 15, sannan ka tafi asibiti su duba maganar allurar tetanus. Cutar haukan kare ba a cika samunta a jikin kurege ba, amma akwai wasu. A 1985 masu bincike sun gano ƙwayar cutar ƙyandar biri a jikin wani kuregen bishiya a ƙasar da ake kira Zaire a lokacin, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yanzu. A 2003 kuma cutar ta kama mutane fiye da 40 a Amurka ta hanyar wasu dabbobi 'yan dangin kurege da ake sayarwa don kiwon gida, waɗanda aka ajiye kusa da ɓerayen daji da aka shigo da su daga Ghana. Ga ƙuma da kaska a gashinsa. Saboda haka ba ɗakin kwananka ba, ba kusa da inda ake girki ba, kuma duk lokacin da ka taɓa kwalin ka wanke hannu. In ka ga wasu 'yan farare-farare a manne da gashin kusa da raunin, ƙwan ƙuda ne, ka tsince su tas kafin su zama tsutsa.

Yanzu maganar riƙe shi. Na san yadda abin yake shiga rai. Zai warke, ya zauna a kan ƙafafun baya, ya riƙe abinci da hannu biyu yana juya shi, ka ji kamar ba za ka iya rabuwa da shi ba. Amma ɗan kurege mai hawa kafaɗa yau, in ya balaga sai halinsa na daji ya dawo. Zai ciji baƙo, ya ciji yaro, wata rana ya ciji kai kanka. Zai gurguri ƙafar kujera da wayar lantarki, domin dole ne ya goge haƙoran nan, in ba haka ba su yi tsawo har su hana shi ci. Sannan mutane suna cika shi da gyaɗa da irin su, tunda su yake rububi, alhali ba su da isasshen sinadarin kalsiyam. Ga ɗaki ba hasken rana. A hankali ƙasusuwansa su yi laushi, ƙafafun baya su mutu, ya fara farfaɗiya. Masu jinyar namun daji sun san wannan ciwo sarai, kuma kusan kullum a hannun wanda yake ƙaunar dabbar ake samunsa. Ka dubi halittarsa ma. Kuregen bishiya idon sawunsa na baya yana juyawa baya gaba ɗaya don ya sauko daga itace da kai ƙasa, na ƙasa kuma an ba shi farata na tonon rami. A keji me zai yi da su?

Akwai kuma doka, kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A jihohin Amurka da yawa sai mai lasisi ne zai yi jinyar dabbar daji a gida. A Ingila kuma abin ya juya: kurege mai ruwan toka baƙo ne da aka kai can daga Arewacin Amurka a 1876, ya yaɗu ya danne jan kurege ɗan asalin ƙasar, har doka ta hana a sake shi in ya shiga hannu. Don haka ka tambayi likitan abin da dokar inda kake ta tanada.

In likita ya duba ya ce targaɗe ne ko karaya mai ɗoruwa, to alhamdu lillahi, ƙashin ƙaramar dabba yana haɗewa cikin 'yan makonni. In kuwa ya ce ƙashin baya ne ya karye, laka ta taɓu, to ka daure ka bar shi ya hutar da shi. Kuregen da ba ya iya gudu rabon shaho ne ko maciji, kuma barinsa yana jan ciki a kwali wata da watanni azaba ce.

In jinyar ta faɗo a kanka saboda ba ka sami wanda zai karɓe shi ba, ka rage hulɗa da shi gwargwadon iko. Kada ka sa masa suna, kada ka riƙa ciyar da shi a hannu, kada ka bari ya saba da kyanwa ko kare, domin tsoron nan shi ne garkuwarsa. Ranar da ka buɗe mazubin ya yi maka tsaki da ƙara, ya kaɗa jela ya nemi cizonka, ka yi murna, lafiya ce ta samu. In ƙarami ne sosai, sai ya kai kamar makonni 12, yana fasa ƙwaya mai ɓawo da kansa, yana hawa da sauka ba ɗingishi. Kafin saki ka fitar da kejin waje na 'yan kwanaki, a inuwa, inda kyanwa ba za ta kai gare shi ba, ya saba da iska da kukan tsuntsaye. Sannan wata safiya da ba hadari ka kai shi kusa da inda ka same shi, ka buɗe ƙofar, ka ja da baya. Kada ka girgiza kejin, zai fito a lokacin da ya ga dama. Ka bar kejin a buɗe da ɗan ruwa da abinci na kwana biyu ko uku, ko zai dawo kwana kafin ya sami wurin kansa.

Gobe da safe ka sanar da ni abin da likitan ya ce game da ƙafar, da ko ya sha ruwan. Kyanwar kuma a tsare ta a ɗaki ranar da za ka sake shi. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka.

Kawunka.