Filin Likitan Dabbobi: Kaska, Zawon Kwikwiyo da Cizon Kare

Tambaya: Likita, barka da aiki. Kaska ta yi wa karen gadina katutu a kunnuwa da tsakanin yatsu. Maƙwabcina ya ce in fesa masa fiya-fiya ko in shafa masa baƙin mai. Me kuka gani? Daga wani magidanci, Zariya.

Amsa: Malam, kada ka kuskura. Fiya-fiya yana ratsa fata ya shiga jini, ga shi kare sai ya lashi jikinsa. Kafin wani lokaci sai ka ga yawu na dalala, jiki na kyarma, ga amai ga zawo, wani ma ko asibiti ba a kaiwa da shi. Baƙin mai da kananzir kuwa ƙona fata suke yi.

Idan kaskar ba ta da yawa, sa matsefata ka kama ta daf da fata, ka ja a miƙe ba tare da murɗawa ba, don kada bakinta ya karye a ciki. Kada ka fasa ta da farce. In ta yi yawa, akwai maganin fipronil da ake ɗigawa a bayan wuya wata-wata, akwai ƙwayar da kare ke taunawa irin su NexGard mai aikin wata ɗaya da Bravecto mai aikin mako 12. Dukkansu da nauyin kare ake auna su, don haka a fara ɗora shi a sikeli. Amitraz na wanka ma yana aiki, amma a surka shi daidai yadda aka rubuta a kwalba, a sa safar hannu, kuma ba a yi wa kwikwiyon da bai kai wata 4 ba.

Inda masu karnuka ke faɗuwa shi ne su yi wa kare magani su bar makwancinsa. Kaskar kare a tsagar bango da ƙasan keji take zuba ƙwai, mace ɗaya tana zuba dubbai. Fitar da karen, share wurin, fesa magani a tsagogi, sannan a toshe su da siminti. Ka kuma riƙa ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. In ya koɗe ya yi fari, ko fitsari ya yi duhu, ko ya daina cin abinci, mai yiwuwa kaskar ta sa masa cutar jini, sai gwaji a asibitin dabbobi.

Tambaya: Na sayi kwikwiyo ɗan wata biyu, kwana biyar da zuwansa ya kama amai da zawon jini mai ƙarni, ya mutu. Ina son kawo wani. Daga wata uwargida, Kaduna.

Amsa: Hajiya, Allah Ya mayar da alheri, amma dakata tukuna. Abin da kika kwatanta ya yi kama da cutar parvo, wadda ke cinye fatar cikin hanji har ruwan jiki ya ƙare. Ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa, sabulu ba ya kashe ta. Ki kwashe kashin, ki wanke daɓen da kwanukan da bilic, awo ɗaya cikin awo 30 na ruwa, ki bar shi minti 10 kafin ɗauraya. Tsummokaran da ya kwanta a kai a ƙone su. Tsakar gidan da ba siminti ba ta wankuwa, saboda haka sai wanda ya kammala alluransa za a kawo.

Allurar rigakafin haɗaka da ake kira DHLPP, wadda ta haɗa da ta parvo, ana fara ta a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Guda ɗaya ba ta wadatarwa, domin kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya danne ta farko. Maganin tsutsar ciki kuma duk mako biyu har wata 3, wata-wata har wata 6, daga nan duk wata uku. Ki nemi katin allura mai sa hannun likita, kada ki tsaya ga "an yi masa" na mai sayarwa.

Tambaya: Karen gidanmu ya ciji yarona a ƙafa, ciwon ɗan kaɗan ne. Ba a taɓa yi wa karen allura ba. Wasu sun ce in kashe shi kawai. Daga wani uba, Sakkwato.

Amsa: Alhaji, in ba ku je asibiti ba, yau ɗin nan za ku je. Ƙanƙantar ciwo ba ta hana haukan kare shiga. Abu na farko bayan cizo shi ne wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, sannan a sa aidin. Ban da toka, ban da barkono ko ganye. Allurar rigakafin haukan kare ta mutum ana yin ta ranar farko, rana ta 3, ta 7, sai wata tsakanin ta 14 da ta 28, wasu asibitocin kuma biyar suke yi. Tunda haƙori ya huda fata, ku tambayi likita batun allura ta daban da ake yi a bakin ciwon, da ta tetanus. Cutar haukan kare takan yi wata 2 zuwa 3 a ɓoye, amma da zarar alamu sun fito, kusan babu mai tashi.

Karen kuma a kulle shi, a ba shi ci da sha, a sa masa ido kwana 10, amma kada a jira sakamakon kafin a fara wa yaro allura. In ya mutu cikin kwanakin, likitan dabbobi zai aika kan karen wurin gwaji, kamar cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ba kowane mahaukacin kare ke kai farmaki ba. Wani lafewa yake yi, muƙamuƙi ya saki, sai mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya cusa hannu a bakinsa. Kada a yi haka. In karen ya wuce kwana 10 lafiya, a yi masa rigakafin haukan kare, wanda ake farawa tun kare na wata 3, a sabunta duk shekara.

Tambaya: Ragowar tuwo da miya muke ba karenmu, kuma da bazara yana yawan haki. Daga wani ɗalibi, Maraɗi.

Amsa: Tuwo kaɗai ba ya gina kare, a haɗa da dafaffen nama, kifi ko ƙwai. Miya mai albasa da tafarnuwa da yawa tana fasa masa ƙwayoyin jini. Ban da cakulan, zabibi, goro da dafaffen ƙashin kaza, wanda ke tsagewa ya soki hanji. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane, musamman ibuprofen da diclofenac, suna lalata ciki da ƙoda. Shinkafar ɓera kuma a ɓoye ta, wata sai bayan kwana 3 zuwa 5 jini ke ɓallewa.

Haki shi ne yadda kare ke sanyaya jikinsa. Mai kilo 20 yana shan ruwa sama da lita ɗaya a rana, da zafi ya fi haka. Ɗauke kejin kwano daga rana. In ka ga yana tangaɗi, harshe ya yi jawur, zuba masa ruwa mai sanyi a ciki da cinyoyi, yi masa fifita, ku nufi asibiti.