Tambaya da Amsa: Sunan Asma'u Ya Hana Umarnina Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina riƙe da rumbun bayanan ɗaliban makarantarmu a PostgreSQL. Na rubuta umarni a bash da ke bin fayil ɗin CSV layi-layi, yana kiran `psql -c` ya gyara suna. Da ya zo kan Asma'u da Shu'aibu sai ya nuna kuskure, amma bai tsaya ba. Yanzu wasu sun gyaru, wasu na nan yadda suke. Ina matsalar take? Daga wani malami a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alamar hamzar da ke tsakiyar sunan ce ta jawo. Da ita SQL, harshen da ake ba rumbun umarni da shi, ke buɗe rubutu, da ita yake rufewa. Idan ya ga 'Asma'u', a ganinsa sunan ya ƙare a Asma, sai ragowar ta rikita shi. Wasu kan ninka alamar da hannu, su rubuta Asma''u. Yana aiki, amma ba za mu ba ka wannan shawarar ba, domin duk wanda ya iya cusa rubutu a fayil ɗin zai iya cusa umarnin gogewa ta wannan ƙofar.

Rashin tsayawar kuwa, kowane kiran psql zaman kansa yake yi, yana adana aikinsa nan take. Shi kuma bash, in ba ka sa `set -e` ba, ko a jikinsa, gaba kawai yake yi.

Bar bin layi-layin nan gaba ɗaya. Kafin komai, ɗauki ajiya (a nan mun ɗauka sunan rumbun `makaranta` ne, na teburin kuma `dalibai`):

`pg_dump -t dalibai makaranta > ajiya.sql`

Sai ka zuba waɗannan a fayil mai suna gyara.sql (sabo.csv shi ne fayil ɗinka na CSV, mai ɗauke da lambar ɗalibi da sunansa):

`CREATE TEMP TABLE sabo (lamba int, suna text);`
`\copy sabo FROM 'sabo.csv' CSV HEADER`
`UPDATE dalibai d SET suna = s.suna FROM sabo s WHERE d.lamba = s.lamba;`

Ka kira shi haka:

`psql -1 -v ON_ERROR_STOP=1 -f gyara.sql makaranta`

Da yake `\copy` na ɗaukar sunan a matsayin bayani zalla, hamza ba ta dame shi ba. Ita `-1` tana ɗaure aikin wuri guda: ko duka ya shiga, ko komai ya koma yadda yake. `ON_ERROR_STOP` kuma na tsayar da psql a kuskuren farko, ya fita da lamba 3, wadda za ka gani da `echo $?`. Waɗanda suka riga suka gyaru ba abin da zai same su, sunan da ke kansu za a sake rubutawa.

Idan ya gama zai rubuta UPDATE da adadi. Gwada adadin da yawan layukan fayil ɗinka, ban da layin kanu. In bai kai ba, ko dai akwai lambar da babu ita a teburin, ko an maimaita wata. Maimaicin ya fi haɗari, don PostgreSQL zai ɗauki ɗaya daga cikin biyun ba tare da ya ce uffan ba.

In daga Excel fayil ɗin ya fito, adana shi a matsayin CSV UTF-8. Idan ka zaɓi CSV na gama-gari, ƙ da ɗ da ɓ kan rikiɗe su koma alamar tambaya tun kafin su isa rumbun, Ɗanladi ya zama ?anladi.